SORON DA BA SHI DA RAWANI

Daga Malamin Tarihi, mai kula da ɗakin kwanan samari

Ina miƙa godiya ga kwamitin wannan mujalla ta shekara saboda filin da suka ba ni. Sun roƙe ni in rubuta wani abu a kan tarihin ƙasar Gobir, na kuwa amsa musu. Amma kafin in ɗauki alƙalami sai ga wata magana ta taso a zangon karatu na biyu, ta raba kan malamai da iyaye har da dattawan ikkilisiya, na ga kuma ba daidai ba ne in yi shiru a kanta tun da yake ni ne na kama abin da hannuna. Mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni, za mu isa Gobir ɗin.

Wani daren Laraba, bayan an kashe fitilu, na ji ihu a shaƙe daga ɗakin ajiye akwatuna. Da na tura ƙofa sai na tarar da samari shida sun haɗa kai a kan wani ɗan allo mai haske wanda bai kai littafin rubutu girma ba. Na'urar wasa ce da ake kira Nintendo Switch, wani ɗan aji biyar ya shigo da ita a ɓoye cikin garin kwakinsa bayan hutun Kirsimeti. Na karɓe ta, na rubuta sunayensu, kowa ya yi aikin horo na mako guda. Wannan ba a yi gardama a kansa ba, doka ce, sun kuma san sun karya ta.

Gardamar ta tashi ne a taron iyaye da malamai. Waɗansu suka ce a farfasa na'urar a gaban dukan makaranta, a kuma kori mai ita. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya miƙe, muryarsa na rawa, ya ce a cikin yaran nan shida, biyu daga Sabon Birni suke, ɗaya daga Isa, iyayensu sun kawo su nan ne domin su nisanta su da kashe-kashe, ashe kuwa a ɗakin kwanan makarantar mishan ake koya musu faɗa. Ɗakin taro ya yi tsit. Ni ma ban ce uffan ba a ranar, gama maganar da ta fito daga irin wannan zuciya ba a mayar mata da martani a tsaye. Na yi makonni ina juya ta. Ga abin da na gani, ban yarda a farfasa ba, ban kuma yarda a kori yaron ba.

Tun da ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba, na kira biyu daga cikin yaran zuwa ofishin malamai na ce su nuna mini. Sunan wasan Super Smash Bros. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1999, mutumin da ya tsara shi kuwa sunansa Masahiro Sakurai. Dabararsa ita ce ya tattaro jaruman wasanni dabam-dabam, waɗanda a da kowa yana cikin labarinsa ba ruwansa da wani, ya zuba su a fage guda. Akwai Mario mai gyaran famfo da jar hula, da Link mai takobi da garkuwa, da wani gwaggon biri, da wata 'yar dabba ruwan ɗorawa mai suna Pikachu. Na farkon yana da 'yan wasa 12 kacal. Wanda yaranmu suka shigo da shi na 2018 ne, 'yan wasansa sun haura 80, fagagen faɗansa kuma sun haura 100.

A cikin fagagen nan duka, yaran sun fi son na saman gidan sarki. Akwai su fiye da ɗaya. Wani soron fadar Hyrule ne, wanda yake tun a wasan 1999, inda guguwa takan taso ba zato ta sure mutum. Wani kuma soron fadar gimbiya Peach ne na 2001, inda wani ƙaton harsashi yakan zo ya kafe a jikin ginin ya fashe. Amma wanda na tarar suna yi a daren nan shi ne wanda ya fara fitowa a 2008, ma'anar sunansa kuwa kewaye fada da yaƙi. Ana fara faɗan a kan rufin fadar, can baya ana ta cillo dunƙulen wuta a kan ganuwa. Jim kaɗan sai fagen ya sauya, a faɗa cikin babban zaure mai gumakan dutse da akan iya rushewa, daga nan a gangara ƙarƙashin ƙasa inda narkakken dutse ke tafasa, sa'an nan a komo kan rufi a sake.

Yadda ake cin nasara shi ya fi jan hankalina. Ba a zubar da jini, ba a kuma ganin gawa. Kowane bugu da ɗan wasa ya sha yana ƙara masa wani lissafi a ƙasan allo, gwargwadon yadda lissafin ya hau haka bugu na gaba zai wurga shi nesa, har a cilla shi daga kan soron ya ɓace. Bayan ƙiftawar ido sai ga shi ya sauko daga sama a kan wani ɗan faifai, garau, a ci gaba. Yaran sukan ba kowa rai uku. Watau dai duk wasan an gina shi ne a kan soron da ba shi da rawani, magina kuwa sun san abin da nake nufi, wato 'yar katangar nan da ake zagaya bakin rufin soro da ita. Waɗanda suka yi karatun Littafi Mai Tsarki a aji uku za su tuna cewa a Kubawar Shari'a sura 22 an umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa irin wannan katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Na faɗa wa yaran haka, na ce ga shi maginin fadarku ya karya dokar Musa. Suka yi dariya, ni ma na yi.

To, shin wannan yana koya wa yaro kisa? Bari mu fara da gida kafin mu je waje. Wane ne a cikinmu, malamai da iyaye, bai yi langa a dandali ba, yana riƙe da ƙafa ɗaya yana bangaje ɗan'uwansa? A dambe, idan hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, kalmar da ake faɗi ita ce an kashe shi. Kisa ake cewa, ba a sakaya ba, wanda aka kashe ɗin kuwa ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya tafi gida ya ci tuwo. Kakanninmu sun saurari Ɗan'anace yana wasa Shago, ba su zama masu kisan kai ba. Tsallaken iyaka, a Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta takobi, kowace jiha ta turo gwanayenta su haɗu a fili guda, mutanen Maraɗi da na Tawa da na Doso suna kwana a bakin rediyo. Wannan tara gwanaye daga wurare dabam-dabam a ga wa zai kayar da wa, wanda Bajapanen nan ya yi kuɗi da shi, mun riga shi saninsa. Har ma zan ce dambe ya fi wasan nan haɗari nesa ba kusa ba, gama a dambe haƙori yana fita da gaske.

A waje kuma masana sun daɗe suna bincike. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da saurin fushi ko tsawa, amma babu isasshiyar shaidar da za ta sa a ɗora musu laifin ta'addanci da kisa. Japan ɗin da ta ƙera wasan tana cikin ƙasashen da aka fi ƙarancin kisan kai a duniya. Mu kuwa mun san waɗanda suka addabi gabashin Sakkwato. Yawancinsu sun tashi a daji ne inda babu lantarki balle na'urar wasa, babu kuma makaranta. Abin da ya haife su sananne ne: satar shanu, rikicin gona da burtali, ramuwar gayya tsakaninsu da 'yan sa-kai, bindigogin da ke kwararowa ta kan iyaka, da kuɗin fansa da suka mayar da satar mutane sana'a. Idan muka tara makaranta muka farfasa ɗan allon nan da guduma, za mu ji sanyi a zuci kamar mun yi wani abu, alhali kuwa mun bar jaki muna dukan taiki.

Kada a ce na wanke wasan tas. Akwai abubuwa biyu da suka dame ni, ban kuwa ji an ambace su a taron ba. Na farko barci. Yaron da ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana danna maɓalli ba zai gane lissafin safe ba, mai na'urar kuma jarrabawar WAEC na jiransa baɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtukan da ta amince da su, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya bar ci da karatu da mutane. Na biyu ya fi muni. Da na matsa da tambaya sai na gano an fara sa sukari da madarar gwangwani a kan wa zai ci. Wannan caca ce, ko da ƙwayar gyaɗa aka yi ta, kuma ita ce na fi yi musu faɗa a kai. Amma a lura, duka biyun duhu ne ya haife su. Abin da aka yi a ɗakin akwatuna da tsakar dare ba za a yi shi a zauren cin abinci da rana tsaka a gaban malami ba.

Waɗansu iyaye mata kuma sun ce halittun cikin wasan kamar aljanu suke, akwai masu tsafi a ciki. Gaskiya ne akwai mai jefa wuta da mai ɓacewa. Haka nan akwai Dodo a tatsuniyar da kaka ta yi mana, akwai Gizo da Ƙoƙi. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa ba'a. Manzo Bulus ya koya mana wannan game da abinci a wasiƙarsa zuwa ga Romawa.

Yanzu bari in zo ga abin da ya hana ni barci, wanda ya fi maganar guduma nauyi. Da yaran suka gama nuna mini, na tambayi ɗaya daga cikin 'yan Sabon Birnin, mai tsagen Gobirawa a kumatu, na ce wace fada ce wannan? Ya zayyana mini tarihin Hyrule tiryan-tiryan, da gimbiyarta, da mugun da ya ƙwace ta, ƙasar da babu ita a taswirar duniya. Sai na ce to, ba ni labarin Alƙalawa. Ya ce ya san wani kufai ne a wajensu, ana cewa tsohon gari ne. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ɗan Gobir, haifaffen ƙaramar hukumar da kufan yake cikinta!

Ban ga laifinsa ba. An cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Yaron ya tashi a tsakanin nan. Bajapane ya ba shi fada, mu ba mu ba shi tamu ba. Saboda haka bari in cika alkawarin da na yi wa kwamiti.

Gobirawa daga arewa suka gangaro, daga wajen Azbin, suka zauna a Birnin Lalle, sa'an nan suka matso kwarin gulbin Rima cikin ƙasar Zamfara. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa, ya kuma ci Birnin Zamfara da yaƙi. A Alƙalawa ne Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, wanda har yau in an ambaci sunansa Bagobiri yakan gyara zama. A zamaninsa ne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi, har suka gana a Magami. Bayan Bawa aka yi Yakuba, aka yi Nafata, aka yi Yunfa, a hannun Yunfa kuwa abin ya fashe. A 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yunin shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, Yunfa ya sha kashi. Amma cin sarki a fili dabam, cin birninsa dabam. A ƙarshen shekarar nan jama'ar Shehu suka matso kusa da Alƙalawa, aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka kwanta dama. Shekara huɗu ganuwar nan tana tsaye. Sai a 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta shiga birnin, aka kashe Yunfa a ciki.

Gobir ba ta ƙare a ranar ba. An ci gaba da fafatawa har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, Sarkin Gobir Ali ya mutu a fagen. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Mayaƙi. Daga baya, a rabi na biyu na ƙarnin, Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar, ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka zo, Ingila ta ci Sakkwato a 1903, aka ja layi tsakaninta da Faransa, sai Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni da Isa suka faɗa nan. Shi ya sa yaronmu yake da gwaggo a Maraɗi wadda take ƙirga kuɗi da sefa.

Abin lura ga mai son kwatanta fadar wasa da tamu, birnin Hausa ba a kan rufin gidan sarki ake tsare shi ba. Soron ƙasa da aka ɗora a kan azara ba fagen dawaki ba ne. Ƙarfin birni yana ga ganuwa, da gwalalon da aka haƙa a bayanta, da sarƙaƙiyar ƙaya, da ƙofofin da ake rufewa da magariba, maharba kuma suna tsaye daga ciki a jikin ganuwar. An kuma yi ganuwa da faɗi har ta haɗa da gonaki da rijiyoyi, domin in yaƙi ya zo mutanen ƙauye su kwaso yara da awaki su shige. Ashe ganuwa ta talaka ce kafin ta zama ta sarki. In ka ga faɗa ya kai gidan sarki, birni ya riga ya tafi.

A nan ne na ga ƙaryar wasan, ƙaryar da ta fi naushi da shuri haɗari. A soron nan na allo jarumawa ne kaɗai. Wutar da ake cillowa can baya ado ce, ba ta faɗa wa kowa. Ba a ganin mai jego, ba a ganin tsoho, ba a ganin rumbun da ya kama. Littafi Mai Tsarki kuwa yana da nasa faɗan kan soro, a littafin da tsohuwar fassara take kira Alƙalawa, sabuwa kuma Mahukunta, sura 9. (Sunan ya zo ɗaya da na birnin Gobir, 'yan aji ɗaya sukan rikice, na kan bar su su ɗan rikice kafin in warware.) Abimelek ɗan Gidiyon ya kashe 'yan'uwansa ya naɗa kansa sarki. Ya ƙone hasumiyar Shekem da mutane wajen 1,000 a ciki, maza da mata. Ya wuce Tebez, mutanen garin duka suka gudu cikin hasumiyarsu suka kulle, suka hau kan rufi. Su wane ne a kan rufin nan? Mutanen gari ne da tsoro ya koro, da abin da hannunsu ya iya ɗauka. Da Abimelek ya matso ƙofa zai sa wuta, wata mace, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, ta sako masa ɗan dutsen niƙa a ka. Ya roƙi mai ɗaukar masa makamai ya ƙarasa shi don kada a ce mace ta kashe shi. Bai tsira daga abin da ya guda ba, gama shekaru da yawa bayan haka, a zamanin Dawuda, Yowab yana ambaton labarin, da macen da dutsenta. Abimelek bai sauko a kan faifai ya sake gwadawa ba.

Yaranmu na Sabon Birni da Isa ba sa bukatar in koya musu wannan. A watan Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari, a hari guda. A Satumban 2021 aka yanke layukan waya a yankin, iyaye suka yi makonni ba su ji muryar 'ya'yansu da ke makarantun nesa ba. A Disambar shekarar aka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, ta hanyar da kakanninsu suka bi bayan Gawakuke. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Garuruwan nan yau ba su da ganuwa, ba su da gwalalo.

Na tambayi yaron nan mai tsage, wanda abokansa suka shaida duk ya fi su iya wasan, na ce kai da ka ga abin da ka gani, me kake so a cikin wannan? Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Malam, nan ko an kashe ka kana komowa." Ban sake tambayarsa kome ba, na sallame su.

Da dattijonmu ya ji wannan amsa, ban san abin da zai ce ba, watakila ta ƙara masa ƙarfin hujja. Ni dai abin da na ji shi ne yaro ya sami wuri guda a duniya inda faɗa yake da doka, yake da ƙarshe, inda wanda ya faɗi yake tashi a yi dariya tare. Ban ce magani ba ne. Maganinsa yana wurin Ubangiji, da wurin mutanen da za su zauna su saurare shi, mu kuwa a makarantar nan ba mu da ko malami guda da aka horar domin sauraron irin waɗannan yara, wannan ma abin kunya ne da ya kamata hukumar makaranta ta duba. Amma in ɗauki guduma in farfasa wurin nan guda a gabansa, a gaban dukan makaranta, da sunan ina tsare shi daga tashin hankali, hannuna ba zai iya ba. Korar mai na'urar kuwa, a mayar da shi ina? Mun san hanyar da zai bi zuwa gida.

Waɗanda na fi jin tsoro dominsu su ne sauran, 'ya'yan birni da ba su taɓa kwana a daji ba, waɗanda labarin Gatawa yake wuce su kamar wutar nan ta bayan fage. Ga su ne ƙaryar wasan take iya kama ƙasa. Farfasa na'ura kuwa ba zai sa su san kome ba. Sai an gaya musu, an kuma sa su zauna kusa da wanda ya sani.

Da labarin Alƙalawa ya shiga kunnen yaran, sai wani mai kaifin kai a ƙungiyar kwamfuta ya ce in ya girma zai ƙera irin wasan da jarumanmu, a sa Yunfa da Bello su kara a kan ganuwa. Na yaba masa himma, amma na ce a'a ga wannan. Mario ba shi da jikoki. Yunfa da Bello suna da su, waɗansu ma a aji guda suke zaune a makarantar nan, Musulmi da Kirista, Bagobiri da Bafillace, a lokacin da ake ta neman a mayar da masifar yankinmu ta zama ta ƙabila. Abin da mutane suka mutu a kansa, wanda zuriyarsu ba su gama jin zafinsa ba, ba a ba yara maɓalli su yi ta maimaita shi don nishaɗi. In yana son jarumai, ga Gizo, ga Ɓotorami, ga 'yan damben da suka shiga fage da yardarsu. In kuwa ganuwar yake so, ya fara ƙera ta tukuna, ya san ƙofofinta da inda gulbi ya bi.

Ga abin da na kai gaban majalisar malamai a rubuce. Na'urar ta zauna a hannun mai kula da ɗakin kwana. A fito da ita ran Asabar bayan wanki da duba ɗakuna, awa ɗaya da rabi, a zauren cin abinci, malami yana zaune, 'yan mata ma su sami nasu rabon. Wanda aka kama ya sa ko ƙwayar sukari a kai, an hana shi har ƙarshen zango. 'Yan ajin jarrabawa su haƙura sai sun ajiye alƙalami. Wanda ya sake shigo da wata a ɓoye, a aika wa iyayensa su zo su karɓa. A gefe guda kuma ƙungiyar tarihi za ta gina siffar birnin Alƙalawa da yumɓu a bayan ɗakin karatu, da ganuwa da gwalalo da gidan sarki, mai son ya taɓa maɓalli ran Asabar sai ya kwaɓa ƙasa ran Juma'a. Waɗansu malamai sun ce wannan cin hanci ne. Na amsa, cin hanci ne.

Na so in kai su kufan da kansu su gani, amma babu shugaban makarantar da zai sa hannu a kan takardar wannan tafiya, ni ma ba zan roƙa ba. Saboda haka ina roƙon iyaye da 'yan ikkilisiya da maƙwabtanmu Musulmi da suka fito daga Sabon Birni, ko Isa, ko Tsibiri, duk wanda ya taɓa taka Alƙalawa da ƙafarsa, ko ya ji labarinta daga bakin tsofaffi, ya zo ya same ni a ofishin malamai kowace Juma'a bayan ƙarfe biyu. Muna bukatar wanda zai nuna mana ta ina gulbi yake, ta ina kuma ƙofofin suke, kafin damina ta sauka ta hana yumɓun bushewa. Dattijon da ya yi magana a taron na riga na je gidansa, ya ce zai yi tunani. Majalisar malamai za ta zauna a kan maganar a mako na biyu na zango mai zuwa, kafin nan na'urar tana cikin aljihun teburina a kulle.